Daga Tsohon Teku Zuwa Gulbin Rima: Wa Ke Auna Ruwanmu?

A 1972 masana suka raɗa wa wata dabbar ruwa da ta ɓace tun shekaru miliyoyi suna Goronyosaurus, domin a yankin Goronyo aka tono ƙasusuwanta. Wannan shaida ce cewa ƙasar da ake noman albasa da shinkafa a kanta yau ta taɓa zama ƙarƙashin teku. Da tekun ya janye, ya bar jifsam da fosfat da farar ƙasa a shimfiɗe. Su ne ma'adinan da ake haƙa a jihar Sakkwato, kuma kamfanin siminti na Kalambaina, wanda ya fara aiki a 1967, ya daɗe da buɗe wa jifsam da farar ƙasa kasuwa.

Sai dai ruwa ne ya tara jama'a a nan tun kafin a san darajar dutse. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗin Wurno a gefen fadamar Rima, kuma a can ya rasu a 1837. Raba, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, tana bakin gulbin Sakkwato. Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, tana ɗaukar ruwa kusan kubik mita miliyan 942, kuma da ita noman rani da famfunan birnin Sakkwato suka dogara.

Ramin haƙa yana cika a damina, ya tumbatsa zuwa rafi, rafi kuma ya kai gulbi. Jifsam yana narkewa, ya ƙara wa ruwa gishiri da ɗaci, ya hana sabulu kumfa. Dutsen fosfat kuwa yakan zo da ɓurɓushin ƙarafa masu guba irin su kadmiyam. Laka ido yana ganinta. Waɗannan sai awo.

Doka ta zo ne a bayan ɓarna. Sai da aka jibge shara mai guba a garin Koko aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, a 1988. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta biyo baya a 1992, sannan a 2007 aka samu sabuwar dokar ma'adinai da hukumar NESREA. Duk da haka, a 2010 gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinare ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. Ƙura ce babbar hanyar gubar, amma ta shiga har kududdufan da ake wanke dutse. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka gano ta, bayan an riga an fara binne yara.

A watan Satumba na shekarar ne kuma ambaliyar Rima ta mamaye ƙauyuka a Goronyo da Wurno, ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ambaliya irin wannan tana kwaso duk abin da ke tudu ta zube shi a fadama. Gulbin Sakkwato kuwa ta Zamfara yake ratsowa kafin ya iso Raba.

Awon kansa ba shi da wuya. A ɗebi ruwa a wuri uku: sama da ramin, inda yake zuba, da ƙasa da shi. A yi haka rani da damina, domin da rani ruwa kaɗan ne, gishiri ya fi taruwa. A gwada da ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta iyakance dalma a maikirogiram 10 cikin lita. Mafi muhimmanci, a auna tun kafin a fara haƙa, don in manomi ya yi ƙara wata rana, a sami lambar da za a kwatanta.

Hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima da jami'o'inmu za su iya ɗaukar wannan nauyi, a riƙa sanar da sakamakon da Hausa a fadar hakimi da rediyo. Rigakafi ya fi magani, kuma mutanen Anka sun biya kuɗin wannan darasi da 'ya'yansu.