Ƙofar Wambai a Matsayin Zango

Idan muka waiwayi tarihin tafiye-tafiye, za mu tarar ƙaramar mashiga kan zama alamar zango. Alal misali, a hanyar ruwan Midi da aka haƙa a Faransa, aka buɗe a 1681, ƙananan gadoji na cikin alamomin da masu jirgi ke gane inda tafiya ta kai. Mu a Bauchi ƙofofi ne ma'auninmu. Bayan Yakubu ya kafa birnin a 1809 aka kewaye shi da ganuwa, fatake ba su da hanyar shiga sai ta ƙofa, Ƙofar Wambai kuwa na cikinsu. Ganuwar ta zaizaye, unguwa ta gaji sunan. Abin takaici, ɗalibanmu da dama kan ce wa direba "Wambai za ni", alhali ba su san sunan sarauta suke ambata ba.