Rabon Firist da Abincin Mai Bishara

Tun kafin mishan ta zo, kakanninmu sun san Parakou da Djougou, gama nan ne fatake su kan ya da zango a kan hanyarsu daga Kano zuwa Gwanja garin sayen goro. Waɗansu suka zauna, ba su koma ba. A shekara ta 1946 mishan ta SIM ta soma aiki a ƙasan nan ta Dahomey, wadda aka sake wa suna Benin a 1975. Aka sami masu bi, aka kafa ekklisiyai, aka keɓe masu bishara. Tun daga lokacin nan akwai tambayar da ba ta rabu da mu ba: wa zai ciyar da mutumin da ya bar gonarsa domin aikin Ubangiji?

Tambayar ta girme mu ƙwarai. Sa'anda aka raba ƙasar Kan'ana, kabilar Lawi ba ta sami yanki kamar sauran kabilai ba, sai garuruwa 48 da makiyayansu. Saboda haka Allah ya yanka wa firistoci rabo daga bagadensa. Cikin Littafin Firistoci sura 7 an faɗa shi filla-filla. Idan hadaya ta salama ce, a ƙone kitsen tukuna, sa'an nan ƙirji da cinyar dama na Haruna ne da 'ya'yansa, sauran naman kuwa na mai hadaya ne da iyalinsa. Idan ta ƙonawa ce, firist ba shi da ko tsoka, sai fata. Mu da mu ka tashi muna ganin yadda a ke rabon ragon suna, na ungozoma daban, na wanzami daban, wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Amma ku lura, 'yan'uwa: mai hadaya ba firist ya ba. Allah ya ba, Allah kuwa ya ciyar da bawansa daga abin da ya zama nasa. Don haka ba shi da abin gori, firist kuma ba shi da ikon ƙari.

Duk da haka an ɓata shirin nan ta fuska biyu. A Shilo, Hofni da Finehas 'ya'yan Eli suka riƙa aika bara da cokali mai yatsa uku ya caki abin da ke cikin tukunya, har su kan ƙwace ɗanyen nama tun ba a ƙone kitse ba. Rana ɗaya su biyu suka mutu a bakin dāga. Wannan labari mun iya shi sarai, mu kan kuwa tuna da shi da sauri in an ce a ƙara wa fasto albashi. Wanda ba mu cika karantawa ba shi ne na Nehemiya sura 13. Wajen shekara 430 kafin haihuwar Almasihu, Nehemiya ya komo Urushalima ya tarar jama'a sun daina kawo rabon Lawiyawa, kowannensu ya koma gonarsa, Haikali ya zama ba mai lura. Bai fara da Lawiyawa ba, shugabanni ya tsauta wa.

Mu dai ba mu da bagaden yanka. Almasihu ya miƙa kansa sau ɗaya, Romawa kuma sun rushe Haikali a shekara ta 70. Fasto ba firist ba ne irin na gidan Haruna, baikonmu kuwa ba ya sayen gafara. Amma Bulus, wanda ya ci da kansa ta wurin ɗinkin alfarwa a Koranti, shi ne ya tuna wa Korantiyawa rabon masu hidimar bagade, ya nuna mai shelar bishara ya cancanci ya ci daga aikinsa.

Da yawa cikinmu mun girma muna tsammani abincin mai bishara daga ƙetaren teku ya kan zo. Ba mu raina taimakon nan ba, muna godiya dominsa. Amma ba baƙi Nehemiya ya nema su cika ɗakunan ajiya ba. Mutanen Yahuza ne suka kawo ushirin hatsinsu da mai, ya sa amintattu huɗu su raba. Doya da dawa da masara da mu ke nomawa a ƙasar Borgu da Donga sun isa a yi haka da su.