Hukuncin kisa a Amurka: tsadarsa da tasirinsa

Hukuncin kisa ya dawo aiki a Amurka a 1976, bayan Kotun Ƙoli ta dakatar da shi a 1972. Daga cikin abubuwan da ake muhawara a kansu akwai guda biyu: kuɗin da yake lashewa, da kuma ko yana tsoratar da masu niyyar kisan kai.

Tsada
Shari'ar da ake neman kisa a cikinta ta fi ta ɗaurin rai-da-rai cin kuɗi, domin ana zama biyu, na tabbatar da laifi da na yanke hukunci, sannan ɗaukaka ƙara kan ɗauki shekaru. Wani bincike na 2011 ya ƙiyasta cewa jihar Kalifoniya ta kashe kusan dala biliyan 4 tun 1978, alhali mutum 13 kawai aka zartar wa hukuncin.

Tasiri
A 1975 masanin tattalin arziki Isaac Ehrlich ya ce kowane hukuncin da aka zartar yana hana kisan kai kusan takwas. Sai dai a 2012 Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta bayyana cewa irin waɗannan nazarce-nazarce ba su isa hujja ba, ga masu goyon baya ko masu adawa.