Daga Imani zuwa Bangaskiya: Tafiyar Kalmomin Ibada a Dabai

A Dabai ta ƙasar Zuru ba abin mamaki ba ne a sami Musulmi da Kirista a gida ɗaya, suna ci a ƙwarya ɗaya. Harshen gado shi ne C'lela, amma yawancin wa'azi da Hausa ake yin sa, a masallaci da majami'a. Kalmomin da muke bauta wa Allah da su kuwa kowace da hanyar da ta biyo.

Mafi tsufa 'yan gida ne. Ubangiji daga uban gida ya fito, bauta kuma daga bawa. Tun kafin littafi ya zo, Bahaushe ya ɗauki Mahalicci a matsayin mai gida, shi kuma bawansa.

Larabci ya biyo baya. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun kawo Musulunci a zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385. Muka sami salla da addu'a da ibada. Liman asalinsa al-imam ne, bakinmu ya goge shi. Imani kuwa saiwarsu ɗaya da amana da aminci: mumini shi ne wanda ya amince, aka kuma amince da shi.

Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, bayan aikin su Dakta Walter Miller a Zariya, masu fassara a wannan rijiya suka ɗebi ruwa. Suka riƙe Allah da Ubangiji da bishara. A gurbin imani suka zaɓi bangaskiya, wato ba da gaskiya. Sujada, wadda a masallaci sa goshi ne a ƙasa, a majami'a ta zama sunan taron Lahadi dungurungum.

Sai dai akwai kalmomin da muka yi jifa da su. Addinin kakannin Lelna, da M'gilo da bikin Uhola na godiyar kaka, duk muka dunƙule su muka kira tsafi, masu yi muka ce arna. Ba su suka raɗa wa kansu wannan suna ba, kuma har yau yana yi musu ciwo.

Duk lokacin da mai tunzura jama'a ya ce ba abin da ya haɗa mu, sai mu saurari yadda maƙwabcinmu yake rufe addu'arsa. Da amin yake rufewa, kamar yadda muke yi.