Takardar Kamfani da Iyakar Gobir

Mu mutanen Sabon Birni da Isa, iyakar da ta raba mu da 'yan'uwanmu na Tsibiri ta samo asali ne daga takardar wani kamfani. A 1886 Ingila ta ba Royal Niger Company izinin ciniki da mulki, bayan Joseph Thomson ya samo masa yarjejeniya a Sakkwato a 1885. Da wannan hujja Ingila da Faransa suka ja layi a 1890, daga Say zuwa Barruwa, wai duk ƙasar da ke bin Sakkwato rabon kamfanin ce. To Tsibiri fa, da ba ta bi? Aka yi ta gyaran layi har 1906.

A Amurka irin wannan takarda tana da kariya. A 1819 Kotun Ƙoli ta hana jihar New Hampshire ƙwace Kwalejin Dartmouth, domin tsarin mulki ya hana jiha warware yarjejeniya. A Ingila kuwa majalisa ce gaba da kowa. Ran 1 ga Janairu 1900 gwamnati ta karɓe mulkin, amma ta biya kamfanin fam 865,000, da rabin kuɗin ma'adinan wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Gobirawan da aka raba kuwa, ko anini.