Maniyyi a Cikin Ƙanƙara: Daga Landan Zuwa Katsina

A littattafanmu na soyayya, in aure ya shekara biyar babu haihuwa, matar ake kira juya, a yi mata kishiya. Da wuya mu ga marubucin da ya tambayi lafiyar mijin, balle mijin da ya taɓa jinyar ciwon daji.

Allurar kemo da gashi suna farautar ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa, kuma ƙwayoyin da ke samar da maniyyi a maraina suna cikinsu. Wani namijin haihuwarsa takan dawo bayan 'yan shekaru, wani kuwa shi ke nan.

Mafitar daga kaji ta faro. A 1949, a Landan, Christopher Polge da abokan aikinsa suka gano cewa sinadarin gilisarol yana kare maniyyin zakara daga mutuwa in an daskarar da shi. A 1953 Jerome Sherman da Raymond Bunge na jami'ar Iowa a Amurka suka ba da labarin cikin farko da aka samu da daskararren maniyyin mutum. Yau ana ajiye shi a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ya yi shekaru bai lalace ba. A 1992 likitocin Brussels suka ba da labarin haihuwar farko da aka samu ta hanyar cusa ƙwayar maniyyi guda cikin ƙwan mace. Wannan ne a ganinmu babban ci gaba, domin mara lafiya sau da yawa abin da zai iya ajiyewa kaɗan ne.

Malamai ma ba su yi shiru ba. Fatawar Sheikh Jadul Haƙ ta 1980 a Masar ta halatta haɗa maniyyin miji da ƙwan matarsa, ban da na wani. Jumhurun malaman Sunna sun ƙara sharaɗin cewa auren yana nan, mijin yana raye.

Shekara da shekaru Bakatsinen da ke buƙatar gashi sai ya nufi Shika ko Sakkwato. A 2025 aka buɗe cibiyar ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Sai dai ajiyar maniyyi kafin allurar farko ake yin ta, wuraren ajiyar kuma galibi asibitocin kuɗi ne a Abuja da Legas. Ga kuma kunya: saurayi ɗan shekara 22 zaune gaban likita, mahaifinsa na gefensa, ana ƙidaya kuɗin magani. Wa zai fara ɗauko zancen 'ya'yan da ba a haifa ba?