Yadda Ake Sauya Layin Waya Daga Salula Zuwa Wata Salula Ko Zuwa Modem

A cikin wayar salula akwai wani ɗan ƙaramin kati mai fuska kamar zinariya. Sunansa katin SIM, amma mukan kira shi layi. A Gabi da sauran garuruwan Madarunfa akan cire layi sau da yawa: in batir ya mutu a ari wayar maƙwabci, in an sayi sabuwa a sauya, in ana son intanet a sa shi cikin modem. Aikin ba shi da wuya. Amma wanda ya yi shi da garaje yana iya rasa lambobin ƴan'uwansa, ko kuɗinsa, ko ma layin baki ɗaya.

Mene ne layi?

Lambarku tana tare da layi, ba da waya ba. Duk wayar da kuka sa layinku a ciki, nan kiranku zai zo. Kuɗin kira, da megar intanet, da kuɗin da aka aiko muku ta hanya irin Airtel Money, ba a cikin katin suke ba. Suna rubuce a na'urorin kamfani ƙarƙashin lambarku. Layi makulli ne na buɗe wannan rumbu. Saboda haka ku kula da shi yadda kuke kula da makullin rumbun hatsi.

Kamfanoni huɗu ne suke ba da layi a Nijar: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecom. Wasu sun sake suna. Celtel, wanda ya fara aiki a 2001, ya koma Zain a 2008, sa'an nan Airtel a 2010. Orange ya zo a 2008, aka sayar da shi a 2019, ya zama Zamani. Sahelcom kuwa an haɗe shi da Sonitel, suka zama Niger Telecom. In kun ga tsohon suna a jikin layinku, ku nemi ofishin kamfanin da sabon sunansa.

Girman layi

Layi iri uku ne wajen girma: babba, matsakaici da ƙarami. Babban yana da tsawon milimita 25 da faɗin milimita 15. Shi ne na tsofaffin wayoyi da tsofaffin modem. Matsakaicin milimita 15 ne da 12. Ƙaramin, wanda ya fito a 2012, shi ne manyan wayoyi na zamani suke ɗauka. Sabon layi yakan zo da dukan ukun a haɗe, ana ɓalle wanda ake so. Kada ku yar da zoben robar da ya rage, domin da shi za ku mayar da ƙaramin layi cikin babban gurbi. Kada ku yanka layi da reza ko almakashi. Kada kuma ku tura zoben roba shi kaɗai cikin waya, yana iya karya ƴan haƙoran ƙarfen da suke karanta layi.

Yadda ake sauyawa

1. Ku kashe wayar tukuna.
2. Ku buɗe baya ku cire batir. In wayar ba ta buɗewa, ku sa ɗan tsinken da ya zo da ita cikin ƙaramin ramin da ke gefe, gurbin layi zai fito.
3. Ku riƙe layin ta gefe da busasshen hannu. Gumi, mai da ƙura suna ɓata fuskar ƙarfen.
4. Ku duba kusurwa ɗaya da aka yanke. Ita ce take nuna yadda zai zauna. In ya ƙi shiga, ku juya shi; kada ku tilasta.
5. Ku rufe, ku kunna, ku jira sunan kamfani ya fito.

Ku yi wannan aiki bisa tabarma ko cikin faranti. Ƙaramin layi in ya faɗa cikin rairayi, samunsa sai an sha wuya.

Me yake bin layi, me yake zama cikin waya?

Lambarku, kuɗinku da megarku suna bin layi. Hotuna, muryoyi da yawancin saƙonni suna zama cikin waya. Sunayen mutane kuwa ya danganta da inda aka ajiye su. Layi yana iya ɗaukar suna har wajen 250. Kafin ku rabu da tsohuwar waya, ku sa a kwafe sunayen zuwa cikin layi. Kuma tun da kuna koyon rubutu, ku rubuta muhimman lambobi a littafinku. Littafi ba ya buƙatar caji.

In kun sa layinku a wayar aro, ku share saƙonni da jerin kira kafin ku mayar da ita. Ku sani kuma, WhatsApp ba ya fita don an cire layi. In kun buɗe shi a wayar wani, zai ci gaba da karɓar saƙonninku har sai an fitar da shi.

Sa layi cikin modem

Modem na'ura ce da take ɗaukar intanet daga layi ta ba kwamfuta ko wayoyi. Akwai mai kama da ɗan yatsa da ake sokawa a jikin kwamfuta, akwai ɗan akwati mai raba intanet ga mutane da yawa. Ku lura da abu huɗu.

Na farko, wani modem a kulle yake, ba ya karɓar layin kowa sai na kamfanin da ya sayar da shi. Ku tambaya kafin ku biya kuɗi.

Na biyu, ku sayi mega kafin ku sa layin. In babu mega, intanet yana iya cinye kuɗin kiranku cikin ɗan lokaci, domin kwamfuta ta fi waya ci.

Na uku, muddin layi yana cikin modem, galibi kira ba ya iske ku. Amma saƙonni suna shiga, kuma mai riƙe da modem yana iya karanta su, har da lambobin sirri da ake aikowa don tabbatar da mai layi. Don haka ya fi kyau a ware wa modem layinsa daban. Layin da ake aiko muku da kuɗin ci-rani kada ya kwana a modem ɗin jama'a.

Na huɗu, in fitila ta kama amma babu intanet, mai yiwuwa ba a sa adireshin shiga na kamfanin ba, wanda ake kira APN. Ko kuma layin tsoho ne, ba ya ɗaukar 4G. Ofishin kamfani yana gyara duka biyun, kuma lambarku ba za ta sake ba.

Mazauna bakin iyaka

Gabi tana kusa da Najeriya, kuma masu zuwa Jibiya da Katsina da yawa suna riƙe layi biyu. Lambar Nijar tana farawa da 227, ta Najeriya da 234. A kusa da iyaka layin Nijar yana iya kama rezon Najeriya da kansa, kuma kira a haka ya fi tsada. Ku duba sunan da ke fuskar waya kafin ku kira. In wayarku mai layi biyu ce, ku zaɓi wanda zai yi kira da wanda zai yi intanet.

Lambar sirri

Ana iya kulle layi da lambar sirri da ake kira PIN. Da ita, ko an sace layin an sa a wata waya, ba zai buɗe ba. In aka yi kuskure sau 3, layin ya kulle, sai da wata lamba mai alƙaluma 8 da ake kira PUK. Tana rubuce a babban katin da layin ya zo a jikinsa. In aka yi kuskuren PUK sau 10, layin ya mutu. Saboda haka kada ku yi ta gwaji, kuma ku adana wannan kati tare da takardunku.

In layi ya ɓace

Ku hanzarta zuwa wurin wakilin kamfani, ko ofishinsa a Maraɗi, da katin shaidarku. Za a rufe tsohon, a ba ku sabo mai lambarku ta dā. Amma wannan yana yiwuwa ne in an yi rajistar layin da sunanku. Wanda ya sayi layi da sunan wani, ranar ɓata ba shi da hujja. Haka kuma layin da aka ajiye wata da watanni ba a aiki da shi, kamfani yana iya rufe shi ya ba wani lambar.

Mata, ku ma ku yi rajista da sunanku, ko da wayar ta maigida ce. Mai layi ba sai ya mallaki waya ba kafin ya sami saƙonsa da kuɗinsa.

A tuna: a kashe waya kafin a cire layi, a rubuta lambobi a littafi, a ware wa modem layinsa, kuma kada a faɗa wa kowa lambar sirri. Rigakafi ya fi magani.